Binciken zama da ma'aikata: yadda ake gano ainihin tafiyar aiki, daga Yamai har Issawane

Binciken zama da mutane, wanda masana ke kira etnogarafi, hanya ce ta neman ilimi inda mai bincike yake tarewa a wurin da ake aiki, ya daɗe yana kallo, yana saurare, yana hira da masu aikin da waɗanda ake yi wa aikin, har ya fahimci yadda abubuwa suke gudana a zahiri. Wurin yana iya zama gidan likita, ko makarantar boko, ko ofishin magajin gari, ko kotu, ko tashar mota, ko kasuwar bisashe, ko ƙungiyar mata masu asusu. Abin da yake son sani shi ne: me doka da takardu suka ce a yi, me ake yi a kullum, kuma me ya sa ake samun rata tsakanin biyun?

Nijar tana cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da wannan fanni ya yi ƙarfi a cikinsu, jihar Maradi kuwa ta daɗe tana karɓar masu irin wannan bincike. Sakamakonsa ya shafi kowace ƙaramar hukuma ta karkara, irin Issawane da ke gundumar Mayahi, inda talaka ke haɗuwa da gwamnati ta hannun mutane ƙalilan: malamin asibiti, malamin makaranta, mai rubuta takardar haihuwa, malamin gona. Yadda waɗannan mutane suke aiki shi ne yadda gwamnati take aiki a idon mutanen wurin.

Bambancinsa da anket na ƙidaya

Mutanen karkara sun saba da masu anket da ke zuwa da takarda ko wayar hannu, su yi tambayoyi a jere, su rubuta amsa, su wuce gida na gaba. Wannan shi ne binciken ƙidaya, irin wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, take yi, kamar ƙidayar jama'a ta 2012. Amfaninsa babba ne: da shi ake sanin yawan mutane, da yawan yaran da ke makaranta, da yawan matan da suka haihu a gidan likita.

Amma akwai tambayoyin da ƙidaya ba ta iya amsawa. Alƙaluma za su nuna cewa mata kaɗan ne ke zuwa haihuwa a wata cibiya. Ba za su faɗi ko nisa ne ya hana su ba, ko kuɗin amalanke, ko kunyar haihuwar fari, ko wata baƙar magana da aka taɓa yi wa maƙwabciya ta bazu a gari. Wanda ya kwana da yini a cibiyar, ya ga yadda ake karɓar mata da rana da yadda ake karɓarsu da tsakar dare, ya zauna da ungozomomi da tsofaffin gari, shi zai iya rarrabe wa.

Wani bambancin yana ga amsa kanta. Baƙon da ya zo da takarda yakan samu amsar da ake ganin yana so, musamman idan ana zaton taimako zai biyo baya. Wanda ya yi makonni a wuri kuwa, ana mantawa da shi, aiki ya koma yadda aka saba. Gani ya kori ji. Saboda haka masu wannan fanni ba su dogara da yawan mutanen da suka tambaya. Suna dogara da zurfin abin da suka gani, da gwada maganar wannan da ta wancan.

Asalin fannin

Ana danganta kafuwar wannan hanya da Bronislaw Malinowski, haifaffen ƙasar Folan, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand kusa da Niyu Gini tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya fitar da littafinsa a 1922. Darasin da ya bari shi ne a riƙa bambanta abin da mutane suka ce suna yi da abin da suke yi.

Ba a daɗe ba aka shigar da hanyar cikin masana'antu. Daga 1924 zuwa 1932 an gudanar da jerin gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago a Amurka. A kashi na ƙarshe an sa mutum ya zauna a ɗaki ɗaya da ma'aikata 14 yana kallonsu. Sai aka tarar sun yanka wa kansu adadin aikin da ya kamata mutum ya yi a yini, wanda ya wuce shi su yi masa ba'a, wanda ya gaza su ga laifinsa, duk da kamfani yana biyan ƙarin kuɗi ga wanda ya ƙara aiki. Dokar abokan aiki ta fi ta shugabanni ƙarfi.

Donald Roy ya shiga wata masana'antar ƙarfe a Shikago a 1944 a matsayin ma'aikaci, ya rubuta dabarun da ma'aikata ke yi da lokaci da injuna. Shekaru talatin bayan haka Michael Burawoy ya yi aiki a masana'antar nan ɗin, ya kwatanta abin da ya sake da abin da bai sake ba. A Faransa, Michel Crozier ya nuna a 1963 cewa a masana'antun taba na gwamnati masu gyaran injuna suna da ƙarfin da babu shi a takardar muƙamai, domin su kaɗai suka san sirrin inji idan ya tsaya. A 1980 Michael Lipsky na Amurka ya yi bayanin cewa ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar jama'a, irin malamai da 'yan sanda, su ne ke ƙera manufar gwamnati ta gaskiya, tun da su ke zaɓen wanda za a fara saurara da abin da za a bari idan kayan aiki ba su isa ba.

A ƙasar Hausa da jihar Maradi

Sana'o'in Hausawa sun samu masu nazari tun da wuri. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bi diddigin fataucin shanu da goro. Littafinsa na 1969 ya nuna yadda masu gida, wato fatoma, suke saukar da fatake, su tsaya musu a ciniki, su lamunci bashi mai yawa ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, da yadda zaman unguwa ɗaya da ɗarikar Tijjaniyya suka ƙarfafa wannan amana. Polly Hill ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, inda ta nuna cewa manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya suke ba a wadata, ta kuma jawo hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida. Paul Lubeck ya yi nazarin leburorin masana'antun Kano, da yawansu tsofaffin almajirai, littafinsa ya fito a 1986.

A ɓangaren Nijar, Guy Nicolas ya shafe shekaru a kwarin Maradi yana nazarin tsarin zaman jama'a, da biki da kyauta da yadda suke cuɗanya da ciniki. Claude Raynaut ya zauna a Sumarana kusa da Maradi, ya fitar da littafi a kan ƙauyen a 1972. Bayan farin shekarun 1970 ya jagoranci wata tawagar masana daga jami'ar Bordo da ta yi nazarin noma da ƙasa da kuɗi a wasu zaɓaɓɓun ƙauyukan jihar, ciki har da Sharken Hausa a ƙasar Mayahi. Aikin ya nuna cewa manoman jihar ba iri ɗaya ba ne: abin da ya dace da mai gona a kwari bai dace da na tudun arewa ba, shawarar da mai shanun huɗa zai iya bi ta fi ƙarfin wanda ke ƙwadago a gonar wani.

Emmanuel Grégoire ya wallafa littafinsa a kan alhazan Maradi a 1986. Ya bi tarihinsu daga cinikin gyaɗa har zuwa fiton kaya zuwa Najeriya, ya nuna cewa kamfanin Alhaji yana tafiya ne a kan dangantakar ubangida da bara, kuma jarinsa na farko shi ne arzikin mutane: yawan waɗanda zai iya aike, su tafi, su dawo da amana. Barbara Cooper ta yi nazarin aure da sana'o'in mata a Maradi a littafinta na 1997. A 2004 kuma Marthe Doka da Marie Monimart suka bayyana yadda ƙarancin gonaki a kudancin jihar yake fitar da mata daga noma, suna rasa gamanar da a da ake ba su.

A gida, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH da ke ƙarƙashin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce tsohuwar matattarar irin waɗannan ayyuka.

Cibiyar LASDEL

Abin da ya mayar da ofisoshin gwamnati kansu abin nazari a Nijar shi ne kafa cibiyar LASDEL a Yamai a 2001, wadda daga baya ta buɗe reshe a Parakou ta ƙasar Benin. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mahaman Tidjani Alou, malamin kimiyyar siyasa a jami'ar Yamai, da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya fara bincike a yankin Zabarmawa da Sanwai tun shekarun 1960, yake kuma riƙe da takardar zama ɗan Nijar da ta Faransa. Akasarin masu binciken cibiyar 'yan Nijar da Benin ne, masu jin harsunan wuraren da suke aiki. Tana sakin rahotanninta kyauta a intanet a jerin da ake kira Études et Travaux.

Cibiyar ta shahara da wata dabara mai suna ECRIS, wadda Thomas Bierschenk da Olivier de Sardan suka tsara a shekarun 1990. Tawaga ce take sauka a gari na 'yan kwanaki, ta rarrabu, wasu su bi manoma, wasu makiyaya, wasu mata, wasu ma'aikata, kowace yamma su haɗu su gwada abin da suka ji. Suna fara tambaya ne daga inda ake saɓani, domin a wurin rigima ake ganin wa ke da iko da me. Bayan wannan sai mutum ɗaya ya koma ya yi dogon zama.

Manyan ayyukan da suka fito daga wannan zuriya sun haɗa da Une médecine inhospitalière na 2003, wanda Yannick Jaffré da Olivier de Sardan suka jagoranta a kan hulɗar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Da binciken cin hanci na yau da kullum a Benin da Nijar da Senegal, wanda aka yi tare da Giorgio Blundo, ya shafi kotuna da kwastan da sufuri da kwangiloli. Da littafin 2009 a kan masu iko a garuruwan Nijar gab da zuwan ƙananan hukumomi. A jihar Maradi, Shadakori da Birnin Lalle suna cikin wuraren da aka bi don wannan aiki na ƙarshe.

Babban abin da aka gano: ƙa'idojin aiki

Kalmar da ta fi fita daga wannan bincike ita ce wadda ake kira normes pratiques da Faransanci, wato ƙa'idojin aiki na yau da kullum. Ma'anarta ita ce, idan ma'aikata suka kauce wa dokar takarda, ba kowa ke yin gaban kansa ba. Akwai wata doka da ba a rubuta ba wadda kowa ya sani, sabon ma'aikaci ma yana koyonta cikin 'yan makonni: ƙarfe nawa ake zuwa da gaske, wa ake shigarwa ba layi, wane aiki ake bar wa ɗan sa-kai ko mai shara, nawa ake bayarwa na goro.

Masu binciken sun rarrabe ire-irensu. Wasu na cutar da jama'a ne, kamar fifita wanda aka sani a kan wanda ba shi da kowa, ko sayar da abin da ya kamata a bayar kyauta. Wasu kuwa dabarun ceto ne, waɗanda in ba don su ba aikin zai tsaya cak: malamin asibitin da ke ajiye ragowar magani don wanda zai zo ba ko dala, ko alƙalin da ke neman taimakon takarda da man mota daga wajen kasafin da bai iso ba. Wanda ya haɗa su duka ya kira su lalaci ko rashin tarbiyya, ba zai san wadda za a kashe da wadda za a raya ba.

Misali mafi shahara shi ne maganin kyauta. Tsakanin 2005 da 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Tsarin shi ne cibiya ta yi magani, ta aika takardun kuɗi, gwamnati ta biya. Yara sun ƙaru a gidajen likita, amma biyan ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru. Masu bincike da suka zauna a cibiyoyin sun ga abin da ya biyo baya: asusun kwamitoci ya bushe, magani ya yanke, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya a waje. A takarda magani kyauta ne, a aljihun uwa kuwa ba haka ba. A wasu gundumomi ma'aikata da kwamitoci sun ƙirƙiro ƙarin dala ashirin a kan mai zuwa ganin likita don sayen man motar ɗaukar marasa lafiya, dabarar da ta fito daga ƙasa, ba daga ofishin minista ba. Littafin da Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka shirya a 2014 ya kwatanta wannan da abin da ya faru a Burkina Faso da Mali.

Misali na biyu daga ɗakin haihuwa yake. Akwai takardar da ake son ungozoma ta riƙa cikewa yayin naƙuda don a gane da wuri idan haihuwa ta zo da gardama. Bincike ya nuna sau da yawa bayan an haihu ake cike ta, don mai duba aiki ya tarar da ita cikakkiya. Rahoto zai nuna an bi ƙa'ida, alhali amfanin takardar ya riga ya wuce.

Na uku shi ne rabon kuɗin tallafi ga gidaje masu rauni, wanda ya yawaita bayan matsalar abinci ta 2005. Masu poroje suna zaɓen gidaje da ma'auninsu, su miƙa kuɗin ga mata. A garuruwa da dama an tarar ana sake raba kuɗin bayan baƙi sun tafi, ko matar ta miƙa wa maigida, domin a ganin mutanen gari kowa yana cikin wahala, zaɓen wasu a bar wasu kuwa yana haddasa gaba. Daga irin waɗannan misalai Olivier de Sardan ya gina littafinsa na 2021, La revanche des contextes, mai bayanin cewa tsarin da aka ƙera a nesa aka kawo shi iri ɗaya ko'ina, yanayin wuri ne ke lanƙwasa shi a ƙarshe.

Abin da wannan ke nufi ga wuri irin Issawane

Issawane ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 8 na gundumar Mayahi, tare da Mayahi, Attantane, El Allassane Maireyrey, Gidan Amumun, Kanambakashe, Sharken Hausa da Cake. Dokar 2002 ce ta ƙirƙire ta tare da sauran na ƙasa, aka yi zaɓen kansiloli na farko a watan Yulin 2004. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, aka naɗa kantomomi. Yankin na noman hatsi da wake da kiwo ne, hulɗarsa ta kasuwa tana haɗa shi da Mayahi da Tasawa, samari kuma suna tafiya cin rani idan an gama girbi.

Masu binciken LASDEL sun lissafa hanyoyi 8 da ake samar wa jama'a hidima a irin waɗannan wurare: ta sarakuna, ta ƙungiyoyi, ta ƙaramar hukuma, ta poroje, ta ma'aikatun gwamnati, ta attajirai masu taimako, ta malaman addini, da ta 'yan kasuwa. Rijiyar burtsatse ɗaya tana iya haɗa biyar daga cikinsu: poroje ya haƙa, kwamiti yana karɓar kuɗin ruwa, mai gari yana sasanta rikici, magajin gari yana sa hannu, in ta lalace a kira ɗan garin da ke kasuwanci a Maradi ko Kano. Wanda ya karanta dokar kwamiti kaɗai ba zai san wa ake nema ranar da famfo ya tsaya ba.

Kwamitoci su kansu babban fage ne. Akwai na makaranta, na gidan likita, na bankin cimaka, da kwamitocin filaye da suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, waɗanda aka ɗora wa rubuta cinikin gona da kare burtali. Tarihinsu ya fi haka tsawo: tun ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma na UNCC da aka kafa a 1962, da samariya ta zamanin Seyni Kountché, kowace gwamnati da kowane mai taimako yana zuwa da nasa fasalin. Tambayoyin da binciken zama ke yi a nan su ne: wa ke riƙe da akwatin kuɗi, wa ya zaɓe shi, sau nawa aka zauna ba don baƙo zai zo ba, me ke faruwa idan wanda ya ci kuɗin ɗan'uwan mai gari ne?

Akwai kuma abin da ya yi nasara, wanda shi ma yana buƙatar a gane dalili. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, sun bazu a Nijar har aka kwaikwaye su a ƙasashe da yawa. An gina su ne a kan asusun da mata suka riga suka sani, da kuɗinsu na kansu, ba da jarin waje ba. Haka nan sana'ar kaba a Gulbin Kaba, da ke ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi: daga mai yanka zuwa mai saƙar tabarma zuwa dillali, akwai tsari da bashi da amana waɗanda babu ofishin da ya rubuta su.

Yadda ake gudanar da shi

Kayan aikin mai wannan bincike kaɗan ne: littafin rubutu, na'urar ɗaukar murya idan an yarda, da haƙuri. Yana haɗa hanyoyi huɗu. Akwai kallo, inda zai zauna a benci tun buɗe ofis har rufewa. Akwai hira mai kama da zance, wadda ake komawa sau biyu ko uku. Akwai bin shari'a ɗaya ko mara lafiya ɗaya ko takarda ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai karatun rajista da rahotanni da rasiɗai, a gwada su da abin da ido ya gani.

Ƙa'idoji biyu ne ke tsare ingancinsa. Na farko, ba a karɓar magana daga baki ɗaya: abin da shugaban cibiya ya faɗa sai an ji na mai gadi, na mara lafiya, na ma'ajin kwamiti. Na biyu, ba a tashi sai sababbin hirarraki sun daina kawo sabon abu. Jin harshe sharaɗi ne, domin kalmomi irin alheri, goro, hasafi, cuwa-cuwa da sanayya kowace da inda take tsayawa, tafinta kuwa yana iya mayar da su abu ɗaya.

Amana da iyaka

Wanda ya zauna da ma'aikata zai ga abin da zai iya jawo wa wani kora. Shi ya sa ake sauya sunayen mutane a rahoto, wani lokaci har sunan gari, ake neman izinin hukuma da yardar wanda za a yi hira da shi, binciken da ya shafi lafiya kuma yana bi ta kwamitin ɗa'a na ƙasa. Mai bincike ba sufeto ba ne. Abin da yake nema shi ne tsarin da ke sa mutane da yawa yin abu iri ɗaya, ba sunan mai laifi ba.

Hanyar tana da iyakokinta. Abin da aka gani a cibiya uku ba ya bayar da kaso cikin ɗari na ƙasa baki ɗaya. Wannan aikin ƙidaya ne, shi ya sa hanyoyin biyu suke buƙatar juna. Mai bincike yana iya karkata ga ɓangaren da ya sauke shi, musamman idan a gidan mai gari yake kwana. Namiji ba ya shiga inda mace za ta shiga. Kuɗin binciken kuma yawanci daga waje yake zuwa, masu bayarwa suna son rahoto cikin makonni, abin da ke mayar da dogon zama ziyarar yini biyu. Rashin tsaro ya rufe wasu yankunan ga masu bincike. Sannan akasarin rahotannin da Faransanci suke, waɗanda aka yi hira da su ba su cika jin abin da aka rubuta a kansu ba.

Shawarar da ta fi fitowa daga wannan fanni a shekarun baya-bayan nan ita ce a nemi masu gyara daga ciki: ungozomar da ta tsara aikinta har mata suka daina jin tsoron zuwa, daraktan makarantar da malamansa ke zuwa a kan lokaci, sakataren ƙaramar hukumar da takardar haihuwa ba ta kwana a teburinsa. Suna aiki da albashi da ƙarancin kaya iri ɗaya da na sauran, don haka dabararsu ta riga ta ci jarrabawar wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai bincike shi ne ya gano irin waɗannan mutane, ya rubuta yadda suke yi, ya kai wa masu tsara manufa a Maradi da Yamai kafin a sake kawo wani sabon tsari daga nesa.